Na Ƙirƙiri Tsoho Don In Raba Mijina da Wata, Yanzu Za Su Je Gaishe Shi

Tanti Viorica,

Don Allah ki taimake ni, kuma in da hali ki yi sauri, domin abin da na ƙulla da hannuna yana shirin warwarewa a gaban jama'a, ban kuma san inda zan sa kaina ba. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Nakan karanta shafinki a shagon furannin da nake aiki a nan Sibiu idan ciniki ya lafa, har nakan ce a raina matan da ke rubuto miki ba su da wayo. Yau ga ni a cikinsu. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Aurenmu da Tiberiu bai cika shekara biyu ba. Mutumin kirki ne, ba ya sha fiye da kima, ba ya ɗaga murya, yana zuwa gaishe da mahaifiyata ba sai na tuna masa ba. Da rana yana aikin kwamfuta a wani kamfanin kayan gyaran mota. Da yamma kuma, da ya ajiye cokali, sai ya koma wani aikin da ba a biyansa ko sisi. Akwai wata manhajar rubutu da masu aikin kwamfuta ke amfani da ita, kyauta ce, 'yan sa kai ne ke kula da ita daga ƙasashe daban-daban, shi ma yana cikinsu. Na san da haka tun kafin mu yi aure. A lokacin ma abin burge ni yake yi, ina ganinsa kamar jarumin da ke yi wa duniya hidima a ɓoye.

Kin san ɗan akwatin nan da ke ɓullowa idan kika ajiye kibiyar linzamin kwamfuta a kan wani maɓalli ba ki danna ba, ya gaya miki aikin maɓallin, sannan ya ɓace? To, a manhajar tasu akwai saitin da ake kunna shi ko a kashe shi. Littafin jagorarsu ya ce idan aka kashe saitin, ba za a ƙara nuna bayanin ba. Tiberiu ya ce wannan ba gaskiya ba ne. Akwatin ne kawai ke ɓacewa, bayanin kuwa yana komawa wani siririn layi a ƙasan allo, mutane da yawa ba su san haka ba, suna ta rubuto koke. Sai ya zauna ya rubuta gyara. Jimla biyu ce, Tanti. Na rantse miki jimla biyu ce.

Amma a wurinsu ba a shigar da ko waƙafi a littafin jagora sai mai kula da shi ya amince. Mai kula da shin kuwa mace ce, sunanta Ruxandra, tana can Suceava, a arewacin ƙasar nan. Ya tura mata, ta dawo da shi ta ce bai faɗi abin da ke faruwa ba idan bayanin ya fi layin tsawo. Ya ƙara, ta ce yanzu kuma ya yi tsawo, wanda ke cikin sauri ba zai karanta ba. Ya rage, ta ce ya zubar da abin da ya fi muhimmanci. Tun dusar ƙanƙara na rufe da rufin gidaje suke wannan jeka-ka-dawo, har ta narke ba su gama ba.

Ni mai karatun ƙananan littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake sayarwa a kantin tashar jirgin ƙasa, masu bango mai sheƙi. Ba na jin kunyar faɗa. Su suka koya mini cewa namiji ba ya sauyawa a rana ɗaya, da suna yake farawa. Sunan wata zai fara shigowa bakinsa a kan teburin cin abinci, da farko cikin ƙorafi. Haka kuwa aka yi. Ina zuba masa miya yana cewa, "Matar nan za ta kashe ni, Pisi." Pisi yake kira na, wato 'yar kyanwa. Amma yana faɗa yana murmushi. Wanda ake shirin kashewa ba ya irin wannan murmushin. Wayarsa na yin ƙara sai ya ajiye burodi ya duba, in ita ce sai fuskarsa ta washe, ko da kuwa watsi ta sake yi da aikinsa. Ni in na ce masa labulen ɗaki bai dace ba sai ya yini yana kumburi.

Na kai ƙara wurin yayata Sanda. Dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke dai littattafan tasha sun gama da ke. Namijin da ke neman mata wanka yake yi, ya sa turare. Naki tun ranar Lahadi riga ɗaya ce a jikinsa. Wace mace ce za ta yi miki sata, ta ɗauki wannan?" Na ce mata ba ta san irin waɗannan matan ba, ba jiki suke nema ba, tunanin mutum suke kamawa. Ta ce to in bar mata tunanin, in riƙe albashin.

Da na haƙura, sai ga ranar ɗaya ga Maris. Tiberiu ya ba ni martsishor ɗina, zaren nan ja da fari da maza ke ba mata kyauta a ranar, irin wanda ake saya a bakin kasuwa, haka ya ba mahaifiyarsa. Ban yi ƙorafi ba. Washegari sai ga ambulan daga Suceava da sunansa. A ciki martsishor ne, da hannu aka murza zaren, an ɗaura masa wani ɗan ƙaramin katako. Mace ta aiko wa mijina martsishor. Ya maƙala shi a kwat ɗinsa a gabana ba ko kunya, ya ce, "A can arewa ai mata ne ke ba maza. Kowa ta aika wa." Waye kowa? Ni dai ban ga na kowa ba, nasa na gani.

Daga nan na fara bincike. Duk muhawararsu a wani zauren imel ake yin ta, a buɗe yake, kowa na iya shiga ya karanta. Na karanta duk abin da suka rubuta wa juna tun daga farko. Babu kalmar soyayya ko ɗaya, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Mutum biyu ba sa kwashe watanni a kan jimla biyu sai in ba sa son jimlar ta ƙare. Na nemi hotonta, babu. A inda kowa ke sa fuskarsa, ita hoton akuya ta sa. Macen da ba ta da abin ɓoyewa, me zai sa ta ɓuya a bayan akuya?

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuto miki. Na lura cewa idan wani mai amfani da manhajar ya shigo zauren ya goyi bayan gyara, sukan yi saurin amincewa. Sai na ce bari in taimaka musu su gama, kowa ya koma gidansa. Na buɗe sabon imel da sunan wani dattijo, Emilian Moga. Da na tsaya a suna kawai da sauƙi, amma hannuna ya saba da labari. Na mai da shi tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana zaune a Mediaș, matarsa ta rasu, idanunsa sun yi rauni, yana rubuta tarihin rayuwarsa da manhajar, akwai itacen tuffa a bakin tagarsa da ba ya 'ya'ya sai shekara bi shekara. Na rubuta cewa gyaran Tiberiu ya yi daidai, a amince da shi don Allah. Sannan, don maganar ta yi kama da ta gaske, na ƙara cewa shi ma Emilian ya sha wahalar nan, domin ya kashe saitin saboda akwatin na rufe masa rubutu, daga nan bai sake ganin bayanin a ko'ina ba, ko a ƙasan allo.

Ban san cewa da wannan jimlar na rushe komai ba. Ban taɓa buɗe manhajar ba, ban gane cewa abin da na faɗa kishiyar abin da mijina ya rubuta ba ne.

Da safe ina haɗa kofi ya shigo kicin da kwamfutarsa a hannu, idanunsa na ƙyalli. Ya ce, "Pisi, zo ki gani. Wani tsoho daga Mediaș ya kwance mana aiki gaba ɗaya." Ashe a ƙa'idarsu ba a rubuta abu a littafin jagora idan akwai wanda ya ce a wurinsa ba haka yake faruwa ba, sai an gano dalili. In tsohon bai ga bayanin a ƙasan allo ba, to ko jimlar Tiberiu ƙarya ce, ko akwai wata matsala a manhajar da ba wanda ya taɓa ganowa. Ban taɓa ganin mutum ya yi murnar lalacewar aikinsa haka ba.

Da can rubutu kawai suke yi wa juna. Yanzu kiran bidiyo suke yi, ya rufe ƙofa wai don kada ya dame ni. Ina jin muryarta ta bango, ƙasa-ƙasa, irin ta mai shan taba, tana dariya. Suka riƙa aiko wa Emilian tambayoyi, wane zubin manhajar yake da shi, tsoho ko sabo, wace irin kwamfuta, ya gwada kaza ya faɗi abin da ya gani. Ni kuma ina bayan kanta a shago, tsakanin bokitan furanni, ina kwafo amsoshi daga tsofaffin saƙonnin wasu mutane ina haɗawa. Abin da na haɗa ashe bai ma kamata ya yiwu ba. Maimakon su gane ƙarya ce, sai suka ƙara rikicewa. Tiberiu ya cinye Asabar da Lahadi yana ƙoƙarin sa kwamfutarsa ta yi irin abin da ta Emilian ke yi. Ranakun da muka shirya zuwa tsauni ke nan.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Ruxandra ta rubuto wa Emilian shi kaɗai. Ta kira shi Malam cikin ladabi, ta ce mahaifinta ma ya yi fama da yanar ido, ta koya masa yadda ake ƙara girman haruffa, ta tambayi lafiyar itacen tuffa. Na amsa. Ta sake rubutowa. Yanzu kusan kullum muna gaisawa, kuma in gaya miki gaskiya, akwai ranar da na samu kaina ina jiran saƙonta. Na sa Emilian ya tambaye ta a fakaice yadda take ganin Tiberiu. Ta ce, "Yaron kirki ne, sai dai jimlolinsa kamar jirgin kaya suke, kana tsaye a mararraba ba su ƙare wucewa ba." Na karanta wannan amsar ya fi a ƙirga. Wani lokaci in ji kamar uwa ce ke magana, wani lokaci in ji irin zolayar da mace ke yi wa wanda ta sani ciki da waje. A littattafaina masu kirkin nan su ne suka fi haɗari.

Ga inda muke yanzu. Suna son fitar da sabon zubin manhajar kafin bikin Ista, wannan maganar ce kaɗai ta riƙe su. Tiberiu ya rubuta a zauren, a gaban kowa, cewa Mediaș ba nisa, ranar Asabar mai zuwa zai je ya ga kwamfutar dattijon da idonsa. Ruxandra ta ce tana da wani aiki a Cluj a makon, za ta hau jirgi ta same shi a Mediaș. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ni da hannuna na haɗa musu mahaɗa. Ƙari a kan haka, ya ce za a rubuta sunan Emilian Moga a tarihin manhajar a matsayin wanda ya kawo rahoton, kuma abin da ya shiga tarihin nan ba ya gogewa. Wani daga Poland har ya rubuto yana cewa irin su Malam Emilian ne ke sa aikin ya yi daɗi.

Jiya ya ce mini, "Ki haɗa wa tsohon furanni masu kyau, amma ba irin na jana'iza ba. Ki zo mu je tare, kya ga Ruxandrar da ke hana ki barci." Yana faɗa yana kallona. Tun lokacin nake tambayar kaina, gayyatar gaskiya ce ko ya san zan ƙi? Ko kuwa ya gane ni ce? A gidan kakata akwai irin wannan itacen tuffar, na kuma taɓa ba shi labari. Wataƙila su biyun sun gane tuntuni, suna yi mini dariya a bayan ƙofa, suna jiran su ga inda zan tsaya. Sun roƙi adireshi, Emilian ya ce yana fama da mura, amma mura ba ta dawwama.

Na yi tunani na ga mafita ɗaya ce, Emilian ya mutu. Har na rubuta saƙon da sunan 'yarsa, cewa ya cika cikin barcinsa, tagar a buɗe. Da na karanta sai da na yi hawaye. Ban tura ba tukuna.

Tanti, ki gaya mini abu biyu. Akwai wani abu tsakanin mijina da matar nan, ko babu? Kuma in tura saƙon? Ba na son rasa Tiberiu. In ya san na mai da shi abin dariya a gaban mutanen da yake girmamawa fiye da kowa, ban san irin kallon da zai yi mini ba.

Taki cikin damuwa,
Mai Furanni, Sibiu

*

'Yata Mai Furanni,

Na aika miki wannan amsa ta imel tun ranar da wasiƙarki ta iso, domin Asabar ba za ta jira ranar fitowar jarida ba. Da tambayarki ta biyu zan fara, ita ce mai gaggawa.

Kada ki tura saƙon. Ki goge shi yau. Na tambayi wata abokiyar aikina da ta san irin waɗannan ƙungiyoyi, ta ce idan wanda ya taimaka musu ya rasu sukan sadaukar masa da sabon zubin gaba ɗaya, su rubuta sunansa a sama. Mijinki zai nemi ranar jana'iza, Ruxandra za ta rubuto wa 'yar marigayin ta'aziyya, ke kuma ki koma amsa saƙonni da sunan mutum na biyu da babu shi. Matsalar da kika ƙirƙira kuwa ba za ta bi shi kabari ba, za su ci gaba da nemanta, wannan karon don girmama mamaci. Ƙaryar da kika yi zuwa yanzu ta wauta ce, ana iya yafe ta. In kika sa mutane suka yi makokin ƙarya, kin shiga wani babi daban.

Yanzu tambayar farko. Ba ni da tagar leƙa zuciyar mijinki, duk wanda kuma ya ce miki yana da ita yaudararki yake yi. Abin da ke hannuna shi ne abin da kika rubuto, sai in auna miki shi.

Maganar martsishor gaskiya ya faɗa miki. Mahaifiyata daga can wajen take, har ta tsufa ita ke ɗaura wa mahaifina da maƙwabta maza, har da mai kawo wasiƙu. Watanni a kan jimla biyu ma ba abin mamaki ba ne. Na yi aiki da editocin da za su iya raba zumunci a kan kanun labari guda. Akwai mutanen da daɗinsu a duniya shi ne a samu wanda zai karanta aikinsu da gaske, ya nuna musu inda ya karkace. Murmushin da kike gani yana iya zama wannan kawai. Kin karanta duk saƙonninsu ba ki ga komai ba, kin aika ɗan leƙen asiri ya dawo miki da labarin yanar ido da jirgin kaya, mijinki kuma ya ce ki zo ku tafi tare. Idan rashin shaida ma shaida ne a wurinki, to babu abin da bawan Allahn nan zai yi ya kuɓuta. A littafi marubuci ne ya ajiye kowane abu don ya nuna wani abu. A gida kuwa, mace na iya sa hoton akuya don tana son akuyarta.

Amma ba zan wanke Tiberiu tas ba. Mutumin da aurensa bai kai shekara biyu ba, ya ajiye cokali ya ba matarsa baya kowace yamma, ya soke fitar da suka shirya ba tare da ya sa wata rana ba, ya rufe ƙofa yana dariya da wata, bai kamata ya yi mamaki ba idan matar ta fara saƙe-saƙe. Kewarsa kike yi, kuma kina da gaskiya. Inda kika ɓata shi ne ba ki taɓa gaya masa ba. Na duba wasiƙarki daga sama har ƙasa, kin gaya wa Sanda, kin gaya mini, kin gina dattijo guda da matarsa da itacensa, amma ban ga inda kika zaunar da mijinki kika ce masa kina jin an bar ki ke kaɗai ba.

Ga abin da za ki yi. Kafin Asabar, da rana tsaka, ba a waya ba, ba a rubuce ba, ki zaunar da shi ki ce masa ke ce Emilian. Ki faɗe shi a jimlar farko. Na ga hannunki, na san za ki so ki fara da shimfiɗa, ki kawo martsishor da ƙofar da aka rufe don kafin ki iso ga laifinki ya riga ya zama nasa. Kada ki yi haka. Ki faɗi abin da kika yi, ki ce babu wata matsala a manhajar, jimlarsa daidai take tun farko, ki ba shi haƙuri a kan kwanakin da ya ɓata. Dalilinki ya biyo baya, in ya tambaya, kuma zai tambaya.

Kina zargin ko ya riga ya gane. Mai yiwuwa ne. In haka ne, to ba dariya yake yi miki ba, jira yake ki faɗa da bakinki, kuma kowace rana da ta wuce tana rage masa haƙuri. In kuma bai gane ba, gara ya ji daga gare ki a kicin ɗinku da ya ji a kan titin Mediaș yana riƙe da furanni yana tambayar gidan da babu shi. Ko ta wace hanya, abin yi ɗaya ne.

Sai maganar zauren. Abin da ya fi tsorata ki shi ne kunyar da zai ji a gaban abokan aikinsa, ina ganin kuma shi ne zai fi yi masa ciwo. Ki rage masa nauyin. Ki ce a shirye kike ki rubuta gajeren saƙo cewa rahoton ba gaskiya ba ne, babu wani Emilian, Tiberiu bai san komai ba, a yi haƙuri. Ba sai kin baje musu sirrin aurenku ba, ba su tambaya ba. Amma ki bar shi ya zaɓi yadda za a yi, mutanensa ne, shi ya san su. Za a yi surutu na ɗan lokaci, sannan su koma kan jimlolinsu.

Ruxandra kuma tana bin ki haƙuri na daban, da sunanki na gaskiya. Ko me kike zato game da ita, matar nan ta buɗe wa baƙo zuciyarta, ta ba shi labarin mahaifinta, alhali tarko aka ɗana mata. Ta yiwu ta yafe, ta yiwu ba za ta sake amsa miki ba. Hakkinta ne.

Idan ƙura ta lafa, ba a ranar ba, ki nemi abin da tun farko kike so. Ki faɗe shi dalla-dalla yadda mai aikin kwamfuta zai gane, wace yamma ce taku, wace ce ta manhaja, kuma ƙofa ta zauna a buɗe. In bayan wannan kin ga wani abu na zahiri da ya saɓa, ki sake rubuto mini, zan saurare ki da kunnen gaske. Littattafanki kuwa ban ce ki daina ba. Wadda ta sa mutane a ƙasashe da dama suka ƙaunaci tsohon da babu shi tana da baiwa, sai dai ta zuba ta a inda ba a nan take ba.

Ba zan yi miki alkawarin zai yi dariya ya rungume ki ba. Zai iya yin fushi, zai iya yin shiru na kwanaki, kuma dole ki jure ba tare da kin fassara shirun ba. Kin ce ba ki san irin kallon da zai yi miki ba. Ni ma ban sani ba, 'yata. Abin da na sani shi ne, tun da kika buɗe imel ɗin nan ke ce ba ki iya kallonsa ido da ido, kuma ba a zaman aure a haka.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tasa, ya sa ku yi Ista a teburi ɗaya cikin kwanciyar hankali.

Tanti Viorica